KUKAN JARIRI JAWABI NE: Abin Da Aka Faɗa Wa 'Yan'uwa Matasa A Zango

A wajen wata walimar suna da aka yi a garin Zango ta ƙasar Daura, bayan sallar La'asar, an nemi wani ɗan'uwa ma'aikacin lafiya da ya yi wa matasa nasiha. Mahalarta sun zo daga cikin gari, wasu daga Yardaje da Rogogo, akasarinsu samari ne da sababbin magidanta masu ɗa ɗaya ko biyu. An zaci zai yi magana ne a kan allurar rigakafi, sai ya ɗauko wani batu da maza ba su saba jin an yi masu shi ba, wato yadda amsa kukan jariri ke gina zuciyarsa. Ga yadda jawabin ya kasance.

Bayan ya yi godiya ga Allah (T) da salati ga Manzon Allah (S), mai jawabin ya fara da tambayar 'yan'uwa ko su nawa ne a cikinsu suka taɓa tashi da dare suka ɗauki jariri yana kuka. Hannuwa kaɗan aka ɗaga. Ya ce to ba abin mamaki ba ne, domin mu a nan an raba aikin tuntuni: namiji ya kawo ragon suna da itacen wankan jego da kayan kunun kanwa, in ya yi haka ya fita, saura kuma na mata ne. Sai yaro ya fara wayo, ya isa aike, sannan uban ya tuna cewa yana da ɗa da ke bukatar tarbiyya. Alhali kuwa, in ji shi, a lokacin an riga an zuba harsashi, ginin ma ya tashi, uban bai san da wane irin tubali aka yi shi ba.

Ya ce Bahaushe ya ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. To in har na kurciya jawabi ne, ina ga na ɗan Adam? Jariri ba shi da harshe, ba shi da ƙafar da zai je ya ɗauko abin da yake so. Yunwa, zafi, sanyi, jiƙewar zane, ciwon ciki, tsoro, kaɗaici, duk da murya ɗaya yake faɗinsu. Kuma shi ba ya iya kwantar wa kansa da hankali kamar yadda babba ke yi. In ya firgita, zuciyarsa ta hau bugawa, jikinsa ya saki sinadarin tashin hankali, ba abin da zai sauko da shi sai wani jiki ya ɗauke shi, ya ji ɗumi, ya ji muryar da ya sani. In aka yi masa haka yau, aka yi gobe, aka yi sau ɗaruruwa, sai wani abu ya zauna masa tun bai san sunansa ba, cewa in na kira ana amsa mani. Daga nan ne a hankali yake koyon yadda zai saukar da kansa. Wannan ɗaurin da ke ƙulluwa tsakaninsa da mai amsa masa shi ne shaƙuwa, kuma a kansa jawabin zai tsaya.

DAGA LANDAN ZUWA ƘAUYUKAN YUGANDA

Mai jawabin ya ce Turawa ba su gane wannan da wuri ba. Akwai lokacin da likitocinsu ke hana uwa ziyartar ɗanta a asibiti sai ɗan lokaci kaɗan, masana kuma na cewa yaro na son uwarsa ne kawai saboda nono. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Landan mai suna John Bowlby ne ya fara ja da wannan. A 1944 ya fitar da bincike a kan yara 44 da aka kawo masa saboda sata. Ya ga 14 daga cikinsu kamar ba su damu da kowa ba, ba sa jin ƙaunar kowa, kuma 12 daga cikin 14 ɗin an taɓa raba su da iyayensu mata na tsawon lokaci tun suna ƙanana. Binciken ƙarami ne, an kuma yi masa suka daga baya, amma shi ya buɗe ƙofa. A 1951 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga rahotonsa a kan kulawar uwa da lafiyar hankalin yaro, lokacin Turai cike take da marayun yaƙin duniya na biyu.

A 1958 kuma wani masani a Amurka, Harry Harlow, ya gwada da 'ya'yan birai. Ya yi masu uwar ƙarya guda biyu, ɗaya ta waya mai ɗauke da kwalbar madara, ɗaya an lulluɓe ta da tattausan ƙyalle amma ba madara. Sai ɗan biri ya je ya sha madara wajen ta waya, ya dawo da sauri ya rungume ta ƙyalle ya wuni a jikinta, in an tsorata shi ma wajenta yake gudu. Ke nan ba cikin ne kaɗai ke neman uwa ba.

Amma inda aka fara zama ana kallon uwa da jaririnta a cikin gida, ana rubutawa dalla-dalla, a nan Afirka ne. Wata mata mai suna Mary Ainsworth, wadda ta yi aiki da Bowlby, ta je Yuganda a 1954 zuwa 1955, ta riƙa shiga gidaje 26 a ƙauyukan kusa da Kamfala, tana bin jarirai 28. Abin da ya fara jan hankalinta shi ne wata al'ada da ta ji suna da ita, ta kai yaro wajen kaka in za a yaye shi don ya manta da nono. Mai jawabin ya ce, 'yan'uwa, wannan ai tamu ce. Nan aka yi dariya.

Ta samu 16 daga cikin jariran sun shaƙu da iyayensu cikin natsuwa, ba su da yawan kuka, in uwar na kusa sai su sake su yi ta wasa. Bakwai sun shaƙu amma cikin fargaba, kullum suna liƙe suna kuka. Biyar ba su kai ga nuna shaƙuwa ba tukuna. Wani abin lura da ta gano shi ne, matan da in an tambaye su game da jaririnsu za su ba da labari filla-filla, su faɗi abin da yake so da abin da ke ba shi tsoro da yadda kukansa na yunwa ya bambanta da na barci, su ne galibi 'ya'yansu ke cikin natsuwa. Sai ya juya ga 'yan'uwa ya ce kowa ya yi wa kansa wannan jarrabawa. In aka ce ka ba da labarin ɗanka ɗan wata takwas, minti nawa za ka yi kana magana? Wani ya san tsaf ranar da babur ɗinsa ke bukatar canjin baƙin mai, amma bai san haƙora nawa 'yarsa ta fitar ba.

Da ta koma Amurka ta maimaita aikin a birnin Baltimore, sannan ta ƙirƙiro wani gwaji na kamar minti ashirin. A shigar da uwa da ɗanta ɗan shekara ɗaya wani ɗaki da bai sani ba, baƙo ya shigo, uwar ta fita, sannan ta dawo. Ba kukan da ya yi da ta fita ake dubawa ba, a'a, yadda ya karɓe ta da ta dawo. Mai natsuwa zai nufe ta, ta ɗauke shi, ya huce, ya koma wasa. Wani zai kau da kai kamar bai gan ta ba, alhali cikinsa a tashe yake, ya dai koyi cewa nunawa ba ta da amfani. Wani kuma zai liƙe mata yana tureta a lokaci guda, ya ƙi rarrasuwa, don bai san yau wace ce zai samu ba, mai amsawa ko mai shariya. An yi wannan gwaji a ƙasashe da dama, har da ƙasar Dogon ta Mali, kuma a mafi yawan wurare kamar kashi biyu cikin uku na yaran ne ke fitowa a masu natsuwa.

A nan ya yi wani gyara game da ƙiwa. Ya ce yaro ɗan wata bakwai ko takwas in ya fara ƙin zuwa wajen baƙo, sai ka ji ana cewa an ɓata shi, uwarsa ta hana shi sabawa da mutane. Ba haka ba ne. Ƙiwa alama ce ta cewa ya gane nasa, ya san wanda yake dogara da shi. Wanda ya kamata a duba shi ne yaron da duk wanda ya miƙo hannu zai bi, bai bambanta uwarsa da mai tallar goro ba.

SUN ZO ƘASAR HAUSA MA

Ya ce kada 'yan'uwa su ɗauka wannan labarin wasu ne. A 1977 an buga wani bincike da Robert Marvin da Robert LeVine da Sarah LeVine da abokan aikinsu suka yi a wani gari na ƙasar Hausa, a kan jarirai 18 'yan wata shida zuwa goma sha huɗu. Abin da suka gani mu mun san shi, sai dai ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Sun ga jaririn Bahaushe kusan kullum yana jikin wani ko dab da wani. Sun ga da ya yi kuka ake kai masa hannu. Sun ga kuma ba mutum ɗaya ke renonsa ba, kusan mutum huɗu ne, kuma ya shaƙu da uku ko huɗu daga cikinsu, amma akwai ɗaya da ya fi nema in abin ya yi tsanani. Wannan ɗayan shi ne wanda ya fi ɗaukarsa da yi masa wasa. Yawanci uwa ce, amma ba kullum ba, wani lokaci kaka ce ko abokiyar zama.

Wannan ya kai shi ga maganar kunyar ɗan fari, inda ya daɗe. Ya ce kowa a wurin ya san al'adar: uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wata ko nono sai an matsa mata take ba shi in da surukai a wurin. Uban ma haka, ya wuce shi kamar bai san shi ba. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi bayanin wannan kunya. Su LeVine ma sun kawo ta a wani littafi da suka fitar a 2016, a matsayin hujjar cewa ba lallai sai an yi reno irin na Amurkawa yaro zai tashi lafiya ba, tunda ga Hausawa uwa na kau da ido daga ɗanta amma yaran na tashi da hankalinsu.

Ya ce maganar tasu gaskiya ce, amma a lura da abin da ya riƙe ta. Waccan kunyar a cikin babban gida aka yi ta. Uwa ta kau da kai, amma kafin kukan ya yi nisa kaka ta sure shi, ko gwaggo, ko matar wa, ko 'yar raino. Yaron bai rasa mai amsa masa ba. To yau fa? Ɗan'uwa ya yi aure ya kama hayar ɗaki ɗaya a Daura ko Katsina ko Kano, daga shi sai yarinya 'yar shekara sha takwas, ba kaka ba gwaggo. In ita ta yi kunya, shi ma ya yi kunya, wa zai ɗauki yaron? An kwaso kunyar an zo da ita birni, an baro mutanen da ke cike gurbinta a ƙauye. A ganinsa kunya a gaban surukai ba laifi, ladabi ne, amma in an shiga ɗaki an rufe ƙofa ba sauran wanda ake jin kunya.

Daga nan ya kawo abin da ya tabbata daga Manzon Allah (S) a Bukhari da Muslim. Yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, in ya ji kukan yaro sai ya taƙaita saboda ya san halin da uwar za ta shiga. Ya yi wa mutane limanci yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ya sumbaci Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, shi kuma Aƙra'u ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Manzo (S) bai yaba masa ba, sai ma ya tsoratar da shi game da rashin jinƙai. Mai jawabin ya ce Aƙra'u shugaba ne a ƙabilarsa, yana ganin abin da ya faɗa mazantaka ce. Irinsa suna nan da yawa a majalisunmu.

"KADA A SABA MASA DA HANNU"

Sai ya ɗauko maganar da ake yawan faɗa wa sababbin iyaye, cewa a bar jariri ya yi kuka don kada ya saba da hannu, ko don ƙirjinsa ya buɗe. Ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma ba a tanƙwara tsiron da bai gama fitowa daga ƙasa ba. Jariri ɗan wata biyu ko uku ba shi da wayon da zai yi kuka don ya juya ka. A binciken Baltimore da aka buga a 1972 an ga matan da ke saurin amsa kuka a watannin farko, 'ya'yansu sun fi ƙarancin kuka a ƙarshen shekara. Wasu binciken da suka biyo baya ba su samu sakamako mai ƙarfi kamar haka ba, ya ce wannan ma a faɗe shi. Amma ga wani na Kanada a 1986: an sa wasu iyaye su ƙara yawan ɗaukar jariransu a wuni, da aka kai mako shida, lokacin da kukan jarirai ke kai ƙololuwa, kukan nasu ya gaza na sauran da kashi 43 cikin ɗari.

Ga kuma wanda ya fi ba 'yan'uwa sha'awa. A 1990 an buga wani gwaji da aka yi a New York da mata 49 masu ƙaramin ƙarfi. Wasu an ba su abin goyo mai taushi da ke manna jariri a jiki, wasu an ba su kujerar roba ta ajiye jariri. Da yaran suka kai wata goma sha uku, kashi 83 cikin ɗari na waɗanda aka goya sun fito a masu natsuwa, na kujera kuwa kashi 38. Ya ce abin da jami'a ta kashe kuɗi ta gano, kakanninmu da zane da majanyi suke yin sa. Yanzu kuma mu ne ke ganin ci gaba shi ne a sayo keken tura jariri a ajiye shi can nesa.

Amma ya ja kunne cewa goyo kaɗai bai gama aikin ba, domin wanda ke baya ba ya ganin fuska. Jariri sabon haihuwa ya fi ganin abin da ke nesa da shi kamar taƙi ɗaya, wato daidai tsakanin nono da fuskar uwa. Wani masani, Edward Tronick, ya nuna a 1975 abin da ke faruwa in uwa tana wasa da jaririnta sai ta daskarar da fuska, ba murmushi ba magana, na 'yan mintuna kacal. Jaririn zai yi murmushi, ya yi gwaranci, ya miƙa hannu, duk don ya dawo da ita. In ya ga ba amsa sai ya kau da kai, jikinsa ya saki, ya fashe da kuka. Mai jawabin ya ɗaga wayarsa ya ce wannan ce daskararriyar fuskar zamaninmu. Uba na zaune, ɗiya na kan cinyarsa tana kallonsa tana gwaranci, shi kuma idonsa na WhatsApp yana musu da wanda bai taɓa gani ba.

Ya ce don kada wani ya tafi da tsoro, shi Tronick ɗin ya gano cewa ko tsakanin uwa ta gari da jaririnta, kamar kashi ɗaya cikin uku na lokaci ne kawai suke dacewa daidai. Saura kuskure ne da gyara: ta zaci yunwa ce ashe barci ne, ta gane, ta gyara. Gyaran nan shi ne darasin. Kuma yara ba halinsu ɗaya ba, wani tun haihuwa mai sanyi ne, wani rigimamme, amsawar iyaye tana da tasiri amma ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba. Don haka kada a ga yaro mai rigima a ce laifin uwarsa ne.

ROMANIYA, JAMAIKA DA KATSINA

Inda ake ganin illar ƙarara, in ji shi, shi ne inda ba mai amsawa sam. Da gwamnatin Ceausescu ta faɗi a Romaniya a Disamba 1989, an tarar da yara fiye da dubu ɗari a gidajen reno na gwamnati. Waɗanda suka shiga sun ba da labarin ɗakuna cike da jarirai amma shiru, don sun daina kukan da ba a amsawa. Daga shekarar 2000 aka bi yara 136 a birnin Bukares, rabi aka ba wa iyalai riƙo, rabi suka ci gaba da zama a gidan reno. Da suka kai wata 42, kusan rabin waɗanda ke hannun iyalai sun samu shaƙuwa mai natsuwa, na gidan reno kuwa ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu sun fi farfaɗowa. Ya ce darasi biyu ne: shirun jariri ba kullum ne alamar lafiya ba, kuma maraya in ya samu mai riƙo na gaskiya da wuri yana warkewa.

Sannan ya dawo gida. Ya ce kowa ya san yadda tamowa ta addabi jihar Katsina. A Yuli 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar cikin wata shidan farko na shekarar. Yaro mai tamowa yakan yi laushi, ya daina wasa, kukansa ya raunana, uwar da ke fama da yunwa da gajiya ita ma ta rage kula shi, abu ya yi ta zagayawa. Shi ya sa a cikin matakai goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara na jinyar tamowa mai tsanani, ɗaya shi ne wasa da yaron da nuna masa ƙauna. A Jamaika, daga 1986, an ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar, 'yan wata tara zuwa ashirin da huɗu. Wasu an ba su madara, wasu kuma ma'aikaciya ta riƙa zuwa gidansu sau ɗaya a mako tsawon shekara biyu tana koya wa uwa wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka nemo su, aka ga waɗanda aka yi wa wasan suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na waɗanda ba a yi wa ba da kamar kashi 25 cikin ɗari. Ya ce ba yana nufin wasa zai maye gurbin abinci ba ne, mai tamowa asibiti za a kai shi ba tare da jinkiri ba. Amma gwangwani da 'yan duwatsu a ciki, a rufe shi da kyau, da bakin uba mai magana, waɗannan ba sai an je kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi an sayo su ba.

Game da abin da ya hau kan namiji, ya ce na farko shi ne ita uwar. Macen da aka bari da daka da ɗiban ruwa da girki da wanki, ga faɗan miji, ba ta da sauran zuciyar da za ta saurari jariri. Akwai kuma ciwon damuwa da ke kama wasu mata bayan haihuwa, ka ga mace ta yi shiru, tana kuka ba dalili, ba ta barci, ba ta sha'awar jaririn. Sau da yawa sai a ce iska ce ko rashin godiya. Ciwo ne, yana da magani, a kai ta asibiti. Ya kuma gargaɗi 'yan'uwa da abu biyu da kakkausar murya. Kada a taɓa jijjiga jariri da ƙarfi don ya yi shiru, wuyansa bai yi ƙwari ba, jini na iya zuba a ƙwaƙwalwarsa, ya makance ko ya mutu. In ranka ya ɓaci, kwantar da shi a rigingine a wuri mai aminci, ka fita ka sha iska, ka kira wani. Kuma kada a ɗura masa maganin mura ko na barci daga kemis don a huta. In kukan ya zo da zazzaɓi, ko ƙin kama nono, ko numfashi da sauri, wannan na asibiti ne a ranar.

A kan yaye ya ce shekara biyun da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara sun yi daidai da abin da likitoci ke ba da shawara. Abin da ba ya so shi ne a haɗa wa yaro rashi biyu a dare ɗaya, a shafa wa nono abu mai ɗaci, gari ya waye a kai shi wani gari wajen kakar da bai taɓa kwana da ita ba. In kakar a gida ɗaya suke, ya saba da bayanta, da sauƙi. In ba haka ba, a rage nonon a hankali, a bar masa uwarsa.

Da aka ba da damar tambaya, wani matashi ya ce shi yana cirani a Legas, sai bayan wata huɗu ko biyar yake zuwa, matarsa kuma tun da ta tafi wankan gida wajen iyayenta a wani ƙauye kusa da Magarya ba ta daɗe da dawowa ba. Da ya zo ya miƙa hannu, ɗan nasa ya tsala ihu ya ƙanƙame uwarsa, har abin ya yi masa ciwo ya fita ya bar gidan. Mai jawabin ya ce masa, ɗan'uwa, yaron bai yi laifi ba, kai ma ba ƙinka yake yi ba, bai san ka ba ne. Kada ka fizge shi, kada kuma ka yi zuciya. Ka zauna a tabarma kusa da uwar, kana hira da ita yana jin muryarka, ka bar shi ya kalle ka daga jikinta. Ka ajiye wani abin wasa a tsakaninku. Yau zai kalla, gobe zai taɓa, jibi wataƙila ya dafa gwiwarka. Ka karɓi wani aiki guda ya zama naka kullum muddin kana gari, ko ba shi kunu da safe, ko zagayawa da shi a kafaɗa bayan Magariba. In ka koma Legas ka riƙa kira a sa masa wayar a kunne, ka kira sunansa.

Matashin ya ce ai ɗan fari ne, ba ya iya faɗin sunan. Mai jawabin ya ce to ka sa masa laƙabi, ka riƙa kiransa da shi. Ana cikin dariya aka kira sallar Magariba, aka yi wa jaririyar da aka raɗa wa suna addu'a, aka tashi.